Fuskar Shamuwa

Tsamiyar Babba, ta gidan waya na Gumel
Janairu, 1973

Zuwa ga taubashina Ƙasimu mai hoto, Unguwar Birikitiri, Yawunde.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Aisatu da yara. Mu nan da sauƙi. Tsohuwa, gwaggonka Safiyatu, gwiwa ta matsa mata, amma bakin nan nata ƙalau yake. Mai ɗakina Hannatu tana gaida Aisatu.

Hoton akun da ka aiko bara yana nan manne a ɗakin Tsohuwa. Jan wutsiyar nan ya fito raɗau, har mutanen gari suka ce na'urar Kamaru ta fi ta Kano ido, don hoton Kano fari da baƙi ne kawai. Ashe dai gaskiya ne, ƙato da kai, da gemu, kana rarrafe cikin ciyawa kana bin tsuntsaye. Kawu Hamadu, Allah ya jiƙansa, ya bar garin nan ya je ya yi suna a fataucin goro, ɗansa kuwa ya zama makiyayin abin da ba a ɗaure wa igiya. Allah ya shirye ka.

To, yau wautar taka za ta yi rana. Daminar bara ta yaudare mu. Gero ya ɗauki ciki ruwa ya ɗauke, abin da muka girba bai rufe gindin rumbu ba. Shamuwa ma ta bar sheƙunanta a kan tsamiyar ƙofar gida tun 'ya'yan ba su yi fiffike ba, abin da Tsohuwa ta ce ba ta taɓa gani ba. Mun sayar da jakin. Abin da ya rage mana na daraja shi ne irin Kaka Alim, geron nan mai saurin nuna da kakanmu ya zo da shi garin nan. Tsohuwa ta zuba shi a tulu da toka, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado. Ta ce wanda duk ya taɓa shi don tuwo, ita da shi har lahira.

Tunda kai ɗan birni ne, ba ka san ƙotar fartanya ba, bari in koya maka. Shuka iri biyu ce. Ko ka jira ruwa ya sauka sosai ka shuka, ko ka yi binne, wato ka binne irin cikin busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. Mai binne yana riga kowa cin sabon gero, mu kuwa bana kowane mako ɗaya rai ne. Amma in ruwa ya makara, ko ya yi yayyafi ya tsaya, irin ya tafi ke nan.

Tsohuwa ta ce shamuwa daga kudu take zuwa mana, kuma Kawu ya taɓa gaya mata ta kanku take bi. Ta ce ranar da ka gan su ka ɗauke su ka aiko mata. Na ce ai sai ka rubuto kawai, ta ce ba ta son bakin ɗan Hamadu, idonta take so ya gani. Ban san abin da za ta duba ba, ba ta faɗa ba, ka san halinta.

Ni ne ubangidanka,
Sha'aibu

*

Birikitiri, le 5 Mars 1973

Sha'aibu, barana,

Gaisuwa a tsaye, don Alhaji Gali mai goro yana bakin ƙofa, motarsu za ta tashi, kuma ya ce zai bi ta Gumel har ya leƙo ƙauyenku. Muna lafiya. Ka durƙusa ka gaida mini Gwaggo.

Sun zo! Ga hotonsu nan a cikin ambulan, tsakanin kwali biyu. Ka miƙa wa Gwaggo da hannu biyu, ka ce ɗan Hamadu ya cika aiki. Kada a bari ruwa ya taɓa shi, kada a kama shi da jiƙaƙƙen hannu. Cikakken labari yana tafe ta gidan waya, gobe zan zauna in rubuta shi a tsanake, in rama zagin da ka yi mini.

Naka,
Ƙasimu

*

Birikitiri, le 6 Mars 1973

Taubashina,

Bayan gaisuwa. Aisatu ta warke daga zazzaɓin da ta yi, yara suna lekol, wato makaranta, ruwan farko ya sauka mana, jar lakar unguwa ta fara cin takalma. Labarin rumbunku ya hana ni jin daɗin abinci, wannan ba wasa a ciki.

Yanzu ramuwa. Ka ce ina rarrafe, to ina yi. Aparai ɗina, na'urar hoton nan, ba shi da dogon ido irin na Turawa, sai na matsa kusa da tsuntsu kamar zan gaishe shi. Ina da wata tsohuwar koriyar rigar ruwa, ita nake lulluɓa in kwanta. Duk mako ina ɗaukar fuskokin mutane don kaddantite, wato katin shaida, kowa ya ƙame kamar an ce za a harbe shi. Ranar Lahadi kuwa sai in je wurin waɗanda ba su san ana ɗaukarsu ba. 'Yan unguwar Mokolo suna kirana Sarkin Tsuntsaye, ba don girmamawa ba.

A wani fili bayan unguwar Tsinga na sami shamuwar, inda aka ƙone ciyawa. Tun daga nesa na gane su da kwatancen Baba: baƙin baya, farin ciki, tafiyar dattawa. In rana ta bugi bayan sai ya yi ƙyalli, shunayya da kore, kamar rawanin da ya sha bugu. Suna bin gefen toka suna tsintar fara. Ɗaya ta buɗe fukafukai rabi ta ba rana baya, ta daɗe a haka ba motsi. Ina kwance wani jandarma ya tsaya a kaina ya ce me nake ɗauka a nan. Na ce tsuntsaye. Ya dubi takarduna, ya dube ni, ya rubuta sunana ya tafi. A garin nan mai aparai ba ya yawan magana, ni ma ban yi ba.

Amma in gaya maka, ba su burge ni ba. Baba yakan ce shamuwa fuskarta shuɗiya ce shar kamar an tsoma a baba, da ɗan ja a gaban ido, gwiwoyi da tafin ƙafa jajaye kamar amarya ta sha lalle. Ya ce in biyu suka haɗu sai su yi ta sunkuya wa juna suna kaɗa baki, kowace da tsinke za ta kai sheƙa. Waɗannan fuskarsu toka-toka ce, ƙafafun sun yi fari da kashinsu, ba mai sunkuya wa wata, ba mai ɗaukar tsinke. Shiru kawai, suna ci kamar baƙin da ba su san inda za su kwana ba.

Da na wanke hoton sai kunya ta kama ni. In aika wa Gwaggo waɗannan yamutsattsun? A shagona ba wanda ke fita yadda ya shigo. Aparai fari da baƙi yake gani, nan da Kano duk ɗaya, launin kuwa hannuna ne. Ina da 'yan kwalaben ruwan kala, da auduga a kan tsinken ashana. Da su nake sa wa amare jan baki, in sa wa alhazai ruwan zinariya a bakin riga, da su na yi wa akunku wutsiya. Sai na zauna yini guda na yi wa shamuwar Gwaggo kwalliya, ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda Baba ya bar su a kan tsamiyarku. Ina yi ina jin muryarsa. Ban taɓa aikin da ya yi kyau kamar wannan ba, kuma ba na son ka gaya wa mutanen garinku sirrin na'urar Kamaru.

Ka rubuto ka gaya mini abin da ta ce.

Ubangidanka na gaskiya,
Ƙasimu

*

Tsamiyar Babba
Ƙarshen Maris, 1973

Zuwa ga Ƙasimu, Sarkin Tsuntsaye,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Sarautar taka Alhaji Gali ne ya tona mana ita, kuma shi zai kawo maka wannan a hanyarsa ta komawa. Lafiya muke, sai rana da ƙishirwa. Rijiyar gari ta ja baya, kullum muna ciki muna yasa. Doguwar takardar da ka ce tana tafe ba ta iso ba. Ɗan aiken mai gari da ke ɗauko mana wasiƙu a Gumel ya tafi cin rani, ni kuwa ba jaki, ba na iya barin rijiya.

Na janye zagin da na yi maka, rabinsa dai. Tsohuwa ta karɓi hoton ta fito da shi tsakar gida, ta sa Hannatu ta kare mata rana da faifai. Ta daɗe tana dubawa, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi.

Ta ce, “Sun yi shuni.”

Na ce, “Inna, me ke nan?”

Ta ce, “Kai ma ɗan birni ka zama? Shamuwa ba ta shafa shunin nan sai ta ƙudurta sheƙa. In tana yawon rani fuskarta toka ce. Dubi gwiwar ma ta yi ja. Tsuntsuwar da ta yi wannan shiri tun yanzu, ruwa ta sansano a bayanta. Bana damina da wuri za ta faɗi.”

Ashe abin da take son gani ke nan. Ta ce haka Kaka Alim ya koya mata, kuma bai taɓa saɓa mata ba. Rabon da in ga haƙoran Tsohuwa tun kafin girbin bara. Ta sa maka albarka har ta gaji, ta ce Hamadu bai haifi banza ba.

Hoton bai kwana a gidanmu ba. Ya shiga gidan Malam Sali maƙwabcinmu, ya je masallaci, ya zaga gari a cikin kwalinsa, kowa na goge hannu kafin ya karɓa kamar yadda ka ce. Dattawa duk sun yarda da karatun Tsohuwa.

An yanke shawara za mu yi binne da tsayuwar wata. Na ce a raba tulun biyu, a binne rabi a ajiye rabi, yadda aka saba. Tsohuwa ta ce rabin tulu ba zai ciyar da gidan nan ba, kuma wanda Allah ya nuna wa alama ƙarara ya tsaya yana raba ƙafa, butulci ya yi. Na bi maganarta. In faɗa maka gaskiya, ina da ɗan shakka, amma duk sanda na dubi fuskokin nan sai hankalina ya kwanta.

In sabon gero ya nuna, damin farko naka ne, ko da a ka zan kawo shi Yawunde.

Naka,
Sha'aibu

*

Birikitiri, le 17 Avril 1973

Sha'aibu,

Lafiya muke. Yanzun nan Alhaji Gali ya miƙo mini takardarka, ban ko zauna ba.

Don Allah, don Annabi, kada ku binne. In kun fara ku tsaya. In tulun yana rufe a bar shi a rufe. Shuɗin nan ba na shamuwa ba ne, nawa ne, da auduga na shafa shi. Jan gwiwar ma ni ne. Na faɗa maka duka a takardar da ba ta iso ba, ina alfahari ma na faɗa. Wallahi ban san fuskar Gwaggo za ta karanta ba. Na ɗauka tsuntsayen garinsu take marmarin gani, na ce bari in nuna mata su da kyansu.

Ga wani hoton na sa a ciki, shi da na farko daga gilashin aparai ɗaya aka wanke su, ban taɓa shi da komai ba. Ka nuna mata.

Kuma suna nan, Sha'aibu, ba su tafi ba. Jiya na je bayan Tsinga, sun ƙaru, sun cika filin har gangaren Nkomkana, fuska toka, ba mai ɗaukar tsinke. Da hantsi sukan tashi su yi ta kewaya sama, sai in ce yau za su miƙa arewa, sai su sauko inda suka tashi. Liman Ɗanmalam, wanda ya girmi Baba, ya ce tun zuwansa garin nan bai taɓa ganin sun yi zaman dirshan haka ba, kwana kaɗan suke yi su wuce. Ya ce abin da suka sani game da arewa, Allah ya sa ba shi ba ne.

Na buga maka wayar tangaraho ta gidan wayar Gumel, kalma kaɗan: kada ku binne. Na zaga tashar mota da zangon shanu ina neman mai tafiya wajenku, ba kowa sai bayan wata. Takardar da za ta ƙetare iyaka kuwa takan daɗe a hannun waɗanda ba mu sani ba. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ka aiko ko da kalma ɗaya.

Ƙasimu

*

Tsamiyar Babba
Mayu, 1973

Taubashina Ƙasimu,

Bayan gaisuwa. Wani mai kora shanu kudu ne zai jefa wannan a akwatin waya in ya kai gari. Muna nan da rai. Yara sun rame, amma ba mai ciwo. Kai kuwa shiru, ko sarauta ce ta hana ka tuna talakawa?

Mun yi binne. Tsohuwa da kanta ta fasa lakar tulun, ta ce a ɗauke ta a kai ta gona, ta zauna a gindin gawo tana kallo. Ni ina sara, Hannatu da yara suna zubawa suna takewa. Mun binne shi tas. Malam Sali ya binne nasa, haka yawancin gari, har waɗanda suka saba jiran ruwa.

Makon jiya hadari ya haɗu a gabas, ya yi duhu, iska ta taso. Aka yi ruwa, ba mai yawa ba, ya dai jiƙa ƙasa kamar tsawon yatsa. Mata suka yi guɗa. Yanzu in ka tsaya a bakin gona da safe ka sunkuya, za ka ga layi-layi kore, siriri kamar allura. Irin Kaka bai yi gardama ba, ko'ina ya tsaga.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Tsamiya ba kowa. Tsofaffin sheƙun suna nan, hankaki suna zare tsinkayen. Kowace yamma Tsohuwa takan sa a fitar mata da tabarma ƙofar gida, ta fuskanci kudu, hoton a cinyarta. Shekaranjiya ta ce, “Wanda ya yi shuni tun Maris, me ya riƙe shi a hanya?” Tun ruwan nan kuma sama ta washe fes, rana tana fitowa fara, ƙasa ta fara yin ɓawo a gindin tsiron.

Kai da kake kwana cikinsu, ka gaya mana ranar da suka bar wajenku, Tsohuwa ta yi lissafi. Ruwa ɗaya muke nema cikin kwanakin nan, ɗaya tak.

Naka,
Sha'aibu

*

Gumel
Yuli, 1973

Ƙasimu,

Bayan gaisuwa. Muna raye.

Na zo Gumel da ƙafa makon jiya karɓar tsabar agaji, na biya gidan waya. Na tarar da su uku suna jirana a akwati ɗaya: doguwar takardarka, da gajeruwar mai hoto, da wayar. Ma'aikacin ya ce wayar ta daɗe, ya rasa wanda zai ba. A bakin barandar na karanta su, ina zaune a wurin har aka rufe ƙofa.

Kafin nan komai ya riga ya ƙare. Ruwa bai sake zuwa ba sai bayan tsiron ya kwanta ya zama kamar gashin masara, iska ta share shi. Da ruwan gaske ya sauka a ƙarshen Yuni, ƙasa ta jiƙu sharkaf, gari ya fito ya tsaya yana kallon gonaki, ba abin da za a zuba. 'Yan kaɗan da suka jira sun shuka. Shamuwa ta zo tare da ruwan, ba ta kai rabin ta bara ba.

Na yi niyyar ɓoye wa Tsohuwa, amma tun da abin ya faru take cewa idonta ne ya tsufa, ita ta kashe irin ubanta, ita ta jawo wa gari. Ta daina cin ɗan abin da ake ba ta. Da na ga haka na ce gara ta sani. Na karanta mata duka, har inda ka ce kana jin muryar Kawu. Na ba ta hoton na biyu.

Ta jera su a cinya. Sai ta lashi ɗan yatsanta ta goga a fuskar ta gaban, wadda ta fi kyau. Shuɗin ya biyo yatsan. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gogewa, har suka koma toka, ta ɗaga yatsan tana kallo.

Ta ce, “Hamadu da damina ya bar garin nan. Bai taɓa gaya wa yaron yadda rani yake ba.”

Ita ta yafe maka, ta ce in rubuta haka. Ni ban kai nan ba tukuna. Na san ba mugunta ka yi ba, na san ni ma da na dage da an raba tulun. Amma ina fushi da kai, fushin da wasan taubasai ba ya wankewa. Malam Sali ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, da zai tafi ya zo ya yi wa Tsohuwa sallama, bai ambaci hoton ba ko sau ɗaya. Da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Mu ma tafiya za mu yi, Kano ko inda Allah ya nufa, in nemi dako. Tsohuwa a amalanken wani za ta.

Na sake zuwa Gumel yau in tari Alhaji Gali, zai ba ka wani ɗan ƙulli tare da wannan. Tsohuwa ta juye tokar tulun ta tankaɗe da rariya, ta tsince abin da ya maƙale, bai cika tafin hannun yaro ba. Duk duniya irin Kaka Alim ke nan. Ta ce a nan ko ɓera ya ci ko mu mu ci, ku kuwa ruwa ba ya yanke muku. Ta ce ka shuka shi a bayan ɗakinka, wurin da ruwa ba ya kwanciya, kada ka yi masa komai, ka bar shi yadda yake. In ya fitar da kai ka tsare shi daga tsuntsayenka.

Sha'aibu

*

Birikitiri, le 11 Novembre 1973

Zuwa ga ɗan'uwana Sha'aibu, duk inda yake.

Bayan gaisuwa. Ina fatan wannan ta same ka da rai da lafiya, kai da Gwaggo da Hannatu da yara. Na rubuta Gumel sau biyu, shiru. Alhaji Gali ya leƙa Tsamiyar Babba ya ce gidan a rufe da ƙaya. Wannan zan ba shi ya zaga da ita Fagge da bakin Kurmi, ko wani ɗan dako ya san ka.

Na shuka shi yadda ta ce. Na tayar da kunya a bayan shago, na haɗa da yashi don jar ƙasarmu tana riƙe ruwa. Rabi ya ruɓe, wani ya yi tsawo bai yi komai ba. Amma akwai waɗanda suka tsaya, sun fitar da kai, ba su da yawa, in ka haɗa su hannu ɗaya zai riƙe. Ban taɓa ganin gero a tsaye ba sai yanzu. Liman Ɗanmalam yakan zo da sanda ya tsaya a kansa, ya murza ƙwaya a yatsa, ya ce saura kaɗan.

Shamuwa ta wuce kudu tun watan jiya, kafin lokacinta. Na tsaya a bayan Tsinga na dube su da ido, aparai yana gida. Ƙananan da aka ƙyanƙyashe bana sukan fi iyayen dusashewa, bayansu ƙasa-ƙasa ba ƙyalli, da haka ake gane su. Na bi garken tun daga farko har ƙarshe ina nema, ban ga ko ɗaya ba. Ban so in rubuta maka wannan ba, amma na daina gyara abin da na gani.

Marai sun gano geron, 'yan rawayan nan masu saƙa sheƙa a bishiyar kwakwar maƙwabta. Shekara da shekaru ina lallaɓa su su tsaya mini, yanzu tun asuba suke jeruwa a kan katanga, kullum suna ƙaruwa. Aisatu ta ɗinka wa kowace zangarniya 'yar riga da tsohon gidan sauro, sun koyi tsaga ta. Na rufe shago. Ina zaune a kan turmi da gwangwani da tsakuwa a ciki, in na tashi salla Aisatu ta karɓe ni. 'Yan Mokolo suna leƙowa suna dariya, sun ce Sarki ya yi faɗa da talakawansa.

Zan tsare shi, Sha'aibu. Zan yanke shi, in shanya, in zuba a toka in liƙe da laka. Abin da ban sani ba shi ne hannun da zan miƙa wa. Ka gaya mini Gwaggo tana nan. Ka gaya mini inda zan aiko.

Naka,
Ƙasimu